Garin da Mahaƙarsa Ta Ci: Tarihi da Yawan Jama'ar Butte, 1864 zuwa 2020

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin Butte, garin haƙar jan ƙarfe da ke kan duwatsun Rocky a jihar Montana ta Amurka, ta hanyar alƙaluman ƙidayar jama'a daga 1870 zuwa 2020. An nuna cewa alƙaluman birnin, idan aka karanta su su kaɗai, suna iya ɓatar da manazarci, domin iyakar birnin ta hukuma ba ta taɓa yin daidai da inda ma'aikatan suke zaune ba sai a 1977. An kuma nuna cewa jama'ar garin sun fara raguwa tun ma'adinin yana nan jibge a ƙasa, kuma abin da ya rage su shi ne sauyin dabarar haƙa da karkatar masu jari zuwa wata nahiya.

1.0 Gabatarwa

Butte, wanda mazaunansa ke furtawa “Biyut”, yana kudu maso yammacin Montana, a tsayin kusan mita 1,700 daga doron teku, dab da ƙoƙuwar duwatsun da ke raba ruwan nahiyar gida biyu, wani ya gangara tekun Fasifik, wani ya nufi Atlantika. Wuri ne mai tsananin sanyi da ƙarancin noma, wanda babu abin da zai tara dubban mutane a cikinsa in ba abin da ke ƙarƙashin ƙasarsa ba. Duk da haka ya shafe fiye da shekara hamsin yana matsayin birni mafi girma a jihar, har ana yi wa tudun da yake kai kirari da tudu mafi arziki a duniya.

An saba bayar da labarin irin waɗannan garuruwa a taƙaice: an sami ma'adini, jama'a sun taru, ma'adini ya ƙare, jama'a sun watse. Wannan bayani bai dace da Butte ba, domin har yau ana haƙo jan ƙarfe a gefen garin. Abin da ya kamata a bincika shi ne yadda dutse guda ya ciyar da ma'aikatan haƙa fiye da 14,000 a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, amma yau 'yan ɗaruruwa kawai yake buƙata.

2.0 Daga zinariya zuwa jan ƙarfe

A 1864 masu neman zinariya suka sauka a bakin rafin Silver Bow, inda a da mutanen Salish kan zo kamun kifi. Zinariyar ba ta daɗe ba, kuma ƙidayar 1870 ta sami mutum 241 kacal a wurin. Azurfa ce ta farfaɗo da sansanin a tsakiyar shekarun 1870, ita ce kuma ta kawo Marcus Daly, haifaffen ƙasar Ailan, wanda ya iso a 1876 a matsayin wakilin wasu attajiran Salt Lake City. Daga baya Daly ya sayi wata mahaƙar azurfa mai suna Anaconda da tallafin George Hearst da abokan jarinsa, kuma a 1882 ma'aikatansa suka ci karo da jijiyar jan ƙarfe mai kauri a zurfin kusan mita 90. A wannan shekarar ce Thomas Edison ya buɗe tasharsa ta wutar lantarki a titin Pearl na birnin New York. Lantarki da tarho da talgiram duk waya suke buƙata, waya kuwa jan ƙarfe ce. Jirgin ƙasa ya riga ya iso garin a ƙarshen 1881, saboda haka komai ya zo a kan gaɓa. A 1883 Daly ya kafa wani gari mai suna Anaconda, kimanin kilomita 40 yamma da Butte, inda ya gina masana'antar narka dutsen.

Alƙaluman birnin sun nuna saurin abin: 3,363 a 1880, sai 10,723 a 1890, sai 30,470 a 1900.

Rikicin attajirai uku da aka yi wa laƙabi da sarakunan jan ƙarfe, wato Daly da William A. Clark da F. Augustus Heinze, an yi rubutu a kansa har ya ishe, don haka ba za a tsaya a kai ba. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne ƙarshensa. A 1899 manyan kamfanin mai na Standard Oil suka kafa kamfanin Amalgamated, suka haɗiye dukiyar Daly. A 1903 kamfanin ya rufe ayyukansa a faɗin jihar, ya bar dubban ma'aikata ba albashi ana fuskantar hunturu, har sai da majalisar jiha ta yi masa dokar da yake so. Heinze ya sayar da nasa a 1906. Daga nan rayuwar garin ta koma hannun kamfani guda, wanda daga baya ya ci gaba da amfani da sunan Anaconda, kuma ya riƙe yawancin jaridun kullum na Montana har zuwa 1959.

3.0 Su wane ne mutanen Butte?

Haƙar ƙarƙashin ƙasa aiki ne mai cin hannaye. Kowane rami yana buƙatar masu huda dutse da masu loda shi da masu kafa gungumen katako don tokare rufi da masu kula da injin hawa da sauka, dare da rana. Montana ba ta da waɗannan mutane, sai aka same su daga ƙetare.

Na farko cikin gwanaye su ne mutanen Cornwall ta Ingila, waɗanda suka gāji haƙar kuza da jan ƙarfe kaka da kakanni, suka zauna a unguwannin Walkerville da Centerville. Amma 'yan Ailan ne suka mamaye garin. Masanin tarihi David Emmons, a littafinsa na 1989 kan 'yan Ailan na Butte, ya ƙiyasta cewa a 1900 sun kai kimanin 12,000 cikin mutum 47,635 na gundumar Silver Bow, wato rubu'in jama'a ke nan. Da yawansu daga wuri ɗaya suka fito, yankin Beara na gundumar Cork, inda mahaƙun jan ƙarfe na Allihies suka durƙushe a daidai lokacin da na Butte ke tasowa. Wa ya aika wa ƙane kuɗin jirgi, ƙane ya sauka a gidan haya na wata gwaggo, ƙungiyar 'yan gida ta kai shi gaban shugaban leburori wanda shi ma ɗan Cork ne, washegari ya shiga rami. Sunayen unguwanninsu, Corktown da Dublin Gulch, sun isa shaida. Lokacin da Éamon de Valera ya zagaya Amurka a 1919 yana neman goyon baya ga 'yancin Ailan, bai tsallake wannan gari na kan dutse ba.

Bayan su sai sauran suka biyo. Italiyawa suka zauna a Meaderville, Kuroshiyawa da Sulobeniyawa a McQueen da gabashin garin, mutanen Finlan a Finntown, ga Sabiyawa da cocinsu, ga 'yan Labanon masu tallan kaya. Kowace al'umma da unguwarta da wurin ibadarta da mashayarta, kuma kusan kowace unguwa tana jingine da bakin ramin da mazanta ke aiki. A riƙe wannan batu na kusanci, domin shi ne ya zama ajalin unguwannin daga baya.

Bai kamata a ƙawata wannan cakuɗa fiye da kima ba, kamar yadda littattafan 'yan yawon buɗe ido suke yi. Sinawa ba a bar su sun shiga ramukan ba, sai wanki da guga da gidajen abinci da sayar da magani. A 1896 zuwa 1897 ƙungiyoyin ƙwadago da wasu 'yan kasuwa suka shirya ƙaurace wa duk wata sana'a ta Sinawa da nufin korar su daga garin. 'Yan kasuwar Sinawa sun kai ƙara kotun tarayya, sun kuma yi nasara, amma dokar 1882 da ta hana shigowar ma'aikata daga Sin ta riga ta toshe hanyar da al'ummar za ta sabunta kanta, sai ta tsufa ta ƙanƙance. Gidan taliya na Pekin, wanda aka buɗe a 1911 ya kuma haura shekara ɗari a hannun zuriya ɗaya, yana cikin ɗan abin da ya saura. Hatta tsakanin Turawan, gabar Katolika 'yan Ailan da Furotesta 'yan Cornwall ta kai ga tarzoma a ranar 4 ga Yuli, 1894.

Abin da ya haɗa kan ma'aikatan shi ne ƙungiya da albashi. An kafa ƙungiyar ƙwadago ta farko a 1878, ta tsayar da dala uku da rabi a rana ga mai aikin ƙarƙashin ƙasa, albashin da ya fi na yawancin ma'aikatan masana'antu a Amurka ta lokacin. A Butte aka kafa tarayyar mahaƙan yammacin ƙasar a 1893, reshen garin kuma shi ne na ɗaya. Sai dai albashin yana da farashi. Ƙurar dutse tana cinye huhu a hankali, tarin fuka ya ƙarasa, kuma mahaƙi da yawa bai kai shekara hamsin ba. Wannan ya bai wa garin siffa ta musamman: maza matasa sun rinjayi mata, tsofaffin maza ba su da yawa, zawarawa kuwa birjik, da yawansu suna riƙe da gidajen kwana da abinci na gwauraye. Gari irin wannan ba ya riƙe yawansa da haihuwa kaɗai, dole sai sababbin baƙi suna ta kwararowa.

4.0 Matsalar alƙaluma

A nan ne manazarci yake buƙatar taka tsantsan. Sau da yawa ana cewa jama'ar Butte sun kai 100,000 a wajajen 1917. Babu wata ƙidaya ta hukuma da ta nuna haka. Ƙidayar 1910 ta bai wa birnin 39,165, ta 1920 ta ba shi 41,611, wanda shi ne adadi mafi yawa da aka taɓa rubuta masa.

Shi ma wannan adadi na 41,611 bai faɗi gaskiya duka ba, saboda dalilai biyu. Na farko, iyakar birnin ƙarama ce, kuma unguwannin ma'aikata irin su Meaderville da McQueen da Centerville suna wajenta, Walkerville kuwa gari ne mai hukumarsa. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne gundumar Silver Bow baki ɗaya, wadda take da 56,848 a 1910 da 60,313 a 1920. Na biyu, ganiyar garin ta faɗo tsakanin ƙidaya biyu. An yi ta 1920 ne a watan Janairu, bayan yaƙi ya ƙare, farashin jan ƙarfe ya faɗi, annobar mura ta 1918 ta yi wa garin mummunar ɓarna, kuma gwauraye masu bin aiki sun riga sun ɗaure kayansu. A ganina, babu shakka jama'ar 1917 sun haura 60,313 da tazara mai yawa, amma 100,000 ƙiyasi ne, kuma wajibi ne duk mai amfani da shi ya kira shi da sunansa. Wanda ya ɗauki 100,000 ya kwatanta da 34,494 na 2020 zai ce garin ya rasa kashi biyu cikin uku. Wanda ya bi ƙidayar gunduma zai sami raguwar kashi 44 cikin ɗari tsakanin 1920 da 1990.

Tarko na biyu yana can gaba. Jerin alƙaluman birnin ya nuna 23,368 a 1970, sai kwatsam 37,205 a 1980, kamar garin ya farfaɗo. Abin da ya faru shi ne an haɗe hukumar birni da ta gunduma a 1977, aka faɗaɗa iyaka, in ban da Walkerville da ta tsaya ita kaɗai. A cikin waɗannan shekaru goma gundumar ta sauka ne daga 41,981 zuwa 38,092.

5.0 Shekarun wuta

Ganiyar garin ita ce kuma lokacinsa mafi muni. A 1912 kamfanin ya fito da katin neman aiki, wanda sai da shi mutum zai iya tunkarar bakin kowane rami, kuma ana hana shi ga duk wanda aka ɗauka mai tayar da ƙayar baya ne. Ma'aikata da yawa suka zargi shugabannin ƙungiyarsu da zama 'yan amshin shatan kamfani, rikicin cikin gida ya ɓarke, aka tarwatsa ginin ƙungiyar da nakiya a ranar 23 ga Yuni, 1914. Kamfanin ya janye amincewarsa da ƙungiyar, bai mayar ba sai bayan yajin aikin 1934.

A daren 8 ga Yuni, 1917, fitilar wani ma'aikaci ta taɓa rufin wata wayar lantarki mai jiƙe da mai a ramin Granite Mountain na kamfanin North Butte. Abin takaici, wayar ta aikin kafa na'urar kashe gobara ce. Wuta ta kama katakon ramin, hayaƙi ya bi hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, mutum 168 suka mutu, akasarinsu ta hanyar shaƙewa. Har yau ita ce masifa mafi girma a tarihin haƙar dutse mai tauri a Amurka. Yajin aiki ya biyo baya, kuma a ranar 1 ga Agusta wasu mutane da suka rufe fuskokinsu suka fitar da Frank Little, jami'in ƙungiyar IWW, daga masaukinsa, suka rataye shi a gadar jirgin ƙasa. Ba a hukunta kowa ba. A 1921 aka rufe mahaƙun na tsawon watanni saboda faɗuwar farashi.

Abubuwa biyu da suka biyo baya su ne suka yanke makomar yawan jama'ar garin, ko da yake ba su yi ƙara kamar nakiya ba. A 1923 Anaconda ta sayi mahaƙar Chuquicamata a ƙasar Chile, buɗaɗɗen rami mai arhar aiki, wanda ya zama babban tushen ribarta. A 1924 kuma Amurka ta yi dokar da ta taƙaita shigowar baƙi daga kudanci da gabashin Turai. Kamfanin ya daina dogaro da Butte, Butte kuma ta rasa mashigar mutanenta. Gundumar ta sauka zuwa 56,969 a 1930, da 53,207 a 1940, da 48,422 a 1950, duk da cewa an yi wani yaƙin duniya mai cin jan ƙarfe a tsakani. A ƙidayar 1950 birnin Great Falls ya sha gaban Butte.

6.0 Ramin Berkeley

Jijiyoyi masu kauri sun yi nisa cikin ƙasa, bin su kuma yana ƙara tsada. Abin da ya rage kusa da sama dutse ne mai ɗan ƙarfe kaɗan, wanda ba ya biyan wahalar mai huda da hannu, amma yana biya idan aka kwashe shi da manyan injuna da motocin tifa. A 1955 kamfanin ya fara buɗaɗɗen ramin Berkeley a gefen gabas na tudun.

Ramin ya taɓa jama'a ta fuska biyu. Ya rage buƙatar hannaye, domin direba ɗaya yana kwashe abin da gungun mahaƙa ba za su kwashe ba, kuma ƙwarewar da mutanen Cornwall da Cork suka zo da ita ta rasa mai saye. Sannan ya ci ƙasar da mutane suke zaune a kai. Unguwannin da aka gina a bakin ramuka don ma'aikaci ya tafi aiki da ƙafa su ne suke kan dutsen da ake so. Kamfanin ya saye gidaje, wasu aka rushe, wasu aka ɗora su a kan motoci aka kai su filin da ke kudu da tudun. Meaderville ta tafi, McQueen ta bi, da yawancin gabashin garin da Finntown. Cocin McQueen binne shi aka yi da tarkacen dutse. Lambun shaƙatawa na Columbia, wanda Clark ya gina wa jama'a a 1899, an rufe shi a 1973 don faɗaɗa haƙa, ya kuma ƙone a wannan shekara.

Alƙaluma sun kama sawun wannan ƙaura ta cikin gida. Tsakanin 1950 da 1960 birnin ya rasa mutum 5,374, gundumar kuwa 1,968 kawai ta rasa. Ke nan da yawa daga waɗanda suka “bar” birnin gangarawa kawai suka yi zuwa sababbin gidaje a wajen iyakarsa. Amma akwai asarar da ƙidaya ba ta da gurbin rubutawa. Iyalin Italiyawa da suka tashi daga Meaderville suna nan cikin lissafin gunduma, sai dai maƙwabtan da suke magana da harshe ɗaya da su sun warwatsu, kuma babu unguwar da jikoki za su koma su gani. A nawa ra'ayin, ramin Berkeley ya yi wa harsunan baƙi da al'adunsu a Butte abin da makaranta da auratayya za su ɗauki tsawon zamani kafin su yi.

Saura ƙiris tsakiyar birnin ma ta bi sahu. A farkon shekarun 1970 gobara ta yi ta cin manyan gine-ginen kasuwa, aka kuma fito da shirin tayar da cibiyar garin gaba ɗaya domin rami ya wuce. Majalisar birni ta ƙi amincewa a 1976. Da ta amince, da an rushe garin a banza, domin kamfanin kansa yana kan gargara. Gwamnatin Salvador Allende ta mayar da Chuquicamata mallakar ƙasar Chile a 1971, kuma asarar ta karya Anaconda. Kamfanin mai na ARCO ya saye ta a 1977, ya rufe masana'antar narka dutse ta garin Anaconda a 1980, ya kashe injunan zuƙe ruwa na ƙarƙashin ƙasa a watan Afrilu na 1982, ya dakatar da duk wata haƙa a 1983. Gundumar ta faɗo daga 38,092 a 1980 zuwa 33,941 a 1990.

7.0 Bayan 1990

Daga nan raguwar ta tsaya: 34,606 a 2000, da 34,200 a 2010, da 35,133 a 2020. Kamfanin Montana Resources ya sake buɗe wani rami a gabas da Berkeley a 1986, yana fitar da jan ƙarfe da molibdinum da ma'aikatan da ba su kai 500 ba, kuma babu ƙungiyar ƙwadago, a garin da a da ake kira kagarar ƙungiyoyi. Sauran jama'a suna cin abinci ne daga asibiti da ofisoshin gwamnati da kamfanin wuta da jami'ar fasaha ta Montana Tech, wadda ta fara a matsayin makarantar koyon haƙar ma'adinai a 1900. Tsohuwar cibiyar garin da ta tsira a 1976 tana cikin yankunan tarihi mafi girma da gwamnatin tarayya ta keɓe.

Wannan tsayuwa ta shekara talatin ta zo ne a lokacin da sauran biranen jihar ke bunƙasa. A 2020 Billings tana da 117,116, Bozeman tana da 53,293, Butte ta koma ta biyar. Garin da a 1900 ake jin harsuna barkatai a titunansa yanzu kimanin tara cikin goma na mazaunansa fararen fata ne, kusan dukkansu haifaffun Amurka. Asalin Ailan ya zama abin biki na ranar 17 ga Maris, abincin mahaƙan Cornwall kuma ya zama abincin gari.

Wani ɓangare na aikin yi a Butte ta yau daga gyaran ɓarnar jiya yake fitowa. Tun da aka kashe injuna a 1982 ruwa ya cika tsofaffin hanyoyin ƙarƙashin ƙasa ya malalo cikin ramin Berkeley, mai tsawon fiye da kilomita ɗaya da rabi da zurfin fiye da mita 500, ya zama tafki mai tsami ɗauke da arsenik da kadmiyam da tutiya da jan ƙarfe. A 1995 fararen dinyoyi masu ƙaura 342 suka sauka a kansa suka mutu, a Nuwamba 2016 kuma dubbai. Yanzu akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne korar tsuntsaye da ƙarar bindiga da jiniya. Hukumar kare muhalli ta tarayya ta ƙayyade matakin da ba a yarda ruwan ya kai ba, don kada ya shiga ruwan ƙarƙashin garin, kuma tun 2019 ake zuƙo shi ana tacewa ana zubawa a rafin Silver Bow. Nauyin wannan aiki yana kan Montana Resources da ARCO, wadda ta koma ƙarƙashin BP a 2000, kuma ba a sa masa ranar ƙarewa ba.